Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ambasada Yusuf Maitama Tuggar, lokacin yana ministan harkokin waje, kan maganar Nijar

Assalamu alaikum ranka ya daɗe, ya aiki ya jama'a. Ni ɗan kasuwa ne a nan Kaduna, hatsi nake saidawa, kuma gara in faɗa maka tun farko mahaifiyata 'yar Tasawa ce ta jihar Maraɗi, don haka maganar nan da zan yi a jinina take.

Na daɗe ina bin tafiyarka tun kana majalisar wakilai kana wakiltar Gamawa daga 2007 zuwa 2011, har takarar gwamnan Bauchi da ka yi a CPC, lokacin mu ma nan Kaduna jam'iyyar muke yi ba dare ba rana. Amma inda ka fi burge ni shi ne zamanka na jakada a Jamus daga 2017 zuwa 2023. Kayan tarihin Bini da sojojin Ingila suka kwashe tun 1897, shekara 125 suna hannun Turawa, kana cikin waɗanda suka yi ta bin maganar har a Yulin 2022 Jamus ta sa hannu ta mayar wa Najeriya mallakar sama da guda 1,000, a Disamba kuma ministar wajensu da kanta ta kawo kashin farko Abuja. Da naci da lallashi da yawan zama aka karɓo su. To yallaɓai wannan nacin shi nake nema a maganar Nijar, kuma wallahi ban gan shi yadda na zata ba.

Na sani ba kai ka ƙulla ba. An kifar da shugaban Nijar Bazoum ran 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta ba da wa'adin kwana 7, aka rufe boda aka yanke musu wuta, kai kuma sai 21 ga Agusta aka rantsar da kai minista. A tsakanin nan ne kawuna ya rasu a Tasawa, wan Inna uwa ɗaya uba ɗaya. Har ta haɗa 'yar jakarta ta sa hijabi ta zauna bakin gado tana jiran in nemo mota, ni na tsuguna gabanta na ce mata Inna ba hanya. Gaisuwar mutuwar a waya aka yi ta, ina riƙe da wayar a kunnenta tana kuka, can ɓangaren kuma suna cewa a yi sauri caji zai ƙare. Tun ranar in na ji manya na cewa "takunkumi" a rediyo ita nake gani a bakin gadon nan.

An cire takunkumin ran 24 ga Fabrairu 2024, a Maris aka buɗe boda, amma an riga an ɓata rawa da tsalle. Tun a Janairun shekarar Nijar da Mali da Burkina Faso suka ce sun fita ECOWAS, a Janairun 2025 fitar ta tabbata. A Disamban 2024 shugaban mulkin sojan Nijar Janar Tiani ya zauna da Hausa tsantsa yana zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa, gwamnati ta musanta, amma ka shigo kasuwa a makon ka ji, kowace waya hirar take, mai shayin bakin layinmu ɗan Damagaram da muke raha kullum sai da muka kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. A Maris 2025 Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin tafkin Chadi. Su Lakurawa da suka addabi Sakkwato da Kebbi, hedikwatar tsaro da bakinta ta ce rushewar aikin haɗin gwiwa da sojan Nijar bayan juyin mulki ne ya buɗe musu ƙofa. Iyakar nan kusan kilomita 1,500 ce, jihohi 7 namu ke jingine da ita, Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno, wa zai iya tsare ta shi kaɗai alhali maƙwabcinsa ya juya masa baya?

Mu 'yan hatsi a aljihu muka ji. A Oktoba 2024 Nijar ta hana fitar da gero da dawa da masara da wake, ta ce sai dai zuwa Mali da Burkina. Ka ji fa, Mali da Burkina, mu da muke gida ɗaya an tsame mu. Waken Nijar da muka saba saukewa tirela-tirela ya koma sai an bi ta bayan gida, buhu ɗaya ya bi hannu biyar kowa ya ɗora nasa, ƙarshe mai ƙosai ce ke biya, ta zo da kuɗin tiya biyu ta koma da ɗaya. Gab da babbar Sallah ta 2025 suka hana fitar da dabbobi, duk wanda ya leƙa Zango a Tudun Wada a shekarar ya ga magidanta na zagaya rago su taya su saki igiya su tafi.

Ba wanke sojojin Yamai nake ba. Tsare Bazoum da matarsa tsawon wannan lokaci ba daidai ba ne, kuma su ma suna da nasu girman kan. Amma babba juji ne, kuma a nan mu ne babba.

Shi ya sa da ka je Yamai a Afrilun 2025 ka zauna da takwaranka Bakary Yaou Sangaré na yi murna har na kai wa Inna hoton a waya, ta ce Allah ya sa an shirya kenan. Kun fito kun ce za a farfaɗo da hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar, wadda aka kafa tun 1971, kun ambaci tsaro da kasuwanci da jirgin ƙasa da bututun gas. Alkawari ne yallaɓai, a gaban duniya kuka yi shi. To ina aka kwana? In ana zama a ofis mu dai nan ƙasa ba mu gani a buhu ba, direban da ke bi ta Jibiya ko Kongolam ko Illela ko Maigatari har yanzu da faɗuwar gaba yake tafiya, bai san dokar da zai tarar gobe ba. Ziyara ɗaya ba ta ɗinke ɓarakar shekara biyu. Berlin sau nawa ka koma teburi ɗaya kafin su saki kayan Bini? Yamai fa ba ta kai tafiyar awa biyu a jirgi daga Abuja ba.

Don girman Allah ka koma, ka sake komawa, ko sun ɗaure fuska. Kuma kar ka tafi da 'yan kwat kaɗai. Ka tuna a Agustan 2023 tawagar farko ta ECOWAS ba ta samu ganin Tiani ba, amma Sarki Sanusi ya gan shi, malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ma sun zauna da shi. Sarautar Maraɗi har gobe Sarkin Katsina ake ce mata, don 'ya'yan gidan sarautar Katsina ne suka kafa garin bayan jihadi, Tsibiri kuwa Gobirawa ne. Ka ɗauki sarakunan Katsina da Daura da Gumel, ka ɗauki shugabannin 'yan hatsi na Dawanau da 'yan dabbobi na Maigatari, a yi zaman hukumar nan a Maraɗi ko Katsina inda masu abin za su shiga su yi magana. Abin da muke so a fara da shi ba shi da yawa, a samu yarjejeniya a rubuce kan hatsi da dabbobi yadda ba za a wayi gari a rufe ba sanarwa, sojojin ɓangarorin biyu kuma su koma sintiri tare. Sannan ka fito rediyo da Hausa ka gaya mana inda aka tsaya, ko da labarin ba daɗi, mun fi son mu ji daga bakinka.

Akwai sauran abubuwa a raina. An janye jakadunmu gaba ɗaya a Satumba 2023 aka shafe sama da shekara biyu ba a maye gurbinsu ba, kai da ka yi aikin ka fi kowa sanin illar haka. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza tubalinsa a 2021, in an gama shi ana gaba da juna me zai ɗauko?

Inna ta haura 70 yanzu, ƙafa ta fara gazawa, kullum maganarta in kai ta Tasawa ta ga 'ya'yan ɗan'uwanta ta yi masa addu'a a garinsu. Na yi mata alkawarin bayan kaka in Allah ya kai mu. Ina roƙonka kafin lokacin ka sake taka Yamai.

Allah ya yi maka jagora. Naka, wani ɗan kasuwar hatsi daga Tudun Wada, Kaduna.