A Rataya wa Dabbobin Gida Lambar Waya

Ya Mai Girma Edita,

Na karanta rahotonku na makon jiya kan karnuka da kyanwowin da ake kwashewa daga titunan Kumasi zuwa gidajen killace dabbobi. Ina ganin an bar baya da ƙura: da yawansu ba 'yan titi ba ne, masu gida ne da suka ɓace.

Kwanakin baya kyanwar maƙwabciyata a Aboabo, fara mai baƙin kunne, ta ɓata. Jikokinta sun zagaye lunguna har Asawase, an yi cigiya a masallaci, shiru. Sai bayan mako uku aka gano ta a wani gidan killacewa, ta rame kamar tsinke. Ma'aikatan ba su da laifi. Ta ina za su san mai ita?

Shawarata ga Hukumar Asokore Mampong da likitocin dabbobi na gwamnati ita ce, duk lokacin rigakafin ciwon haukan kare, musamman ranar 28 ga Satumba da duniya ta ware masa, a rataya wa kowace dabba ɗan ƙarfe mai lambar wayar mai ita. Sarakunan zango kuma su taimaka da shela.

Naku,
Mai karatu daga Aboabo, Kumasi