Zuwa Ga Ɗana a Edmonton: Gwani Ɗaya da Wasa Bakwai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, kamar yadda muke a nan Kano. Mahaifiyarka da ƙannenka duk lafiya lau, alhamdu lillahi.

Magana biyu ka yi mini a waya, kana ganin ba abin da ya haɗa su, ni kuwa da na kwana da su sai na ga ɗaya ce. Ta farko, an ba ka shugabancin wani sashe a wajen aiki, kuma kana raba dare kana yin aikin mutanenka da hannunka, wai ba su da sauri. Ta biyu, har yau ranka bai huce ba a kan Oilers, ƙungiyar hokin ƙanƙara ta Edmonton, da suka kai wasannin ƙarshe na kofin Stanley shekara biyu a jere, 2024 da 2025, Florida tana kayar da su. Ka ce abokan wasan McDavid, gwanin Oilers, su ne suka ba shi kunya. A waya ka fi ni saurin baki, shi ya sa na zauna na rubuto.

Ka san hokin ƙanƙara ba baƙona ba ne. Ina karatu a garin nan da kake lokacin da Wayne Gretzky yake ganiyarsa a Oilers, kuma ba mai zama Edmonton a shekarun nan ya tsira daga wasan, ko yana so ko ba ya so. To bari in fara da abin da ya bambanta kofin Stanley da kofunan ƙwallon ƙafa da muka saba. A kofin duniya wasan ƙarshe guda ne. Ƙaramar ƙungiya tana iya tare gida, sa'a ta faɗo mata, ta ɗauki kofi. A can kuwa, bayan wasa fiye da 80 na kaka, ƙungiya 16 ke shiga fitar da gwani, zagaye huɗu, kowane zagaye ka yi ta karawa da abokin hamayya guda har ɗayanku ya ci wasa huɗu cikin bakwai. Sai ka ci wasa 16 cikin kusan wata biyu kafin a miƙa maka kofi. Kuma in an tashi kunnen doki babu bugun raba gardama, ana ci gaba ne da ƙarin lokaci na minti 20, a sake wani, har sai wani ya zura.

Ka tsaya a kan wannan, domin duk sauran maganar daga nan ta fito. Wanda zai haɗu da kai sau bakwai cikin mako biyu ba ya barin asirinka a rufe. Kocinsu yana kwana yana kallon bidiyon wasan jiya. Ya san wane ɗan bayanka ne ke rikicewa in an matsa masa, ya san ta wane gefe golanka ya fi rauni, ya san wanda ke da saurin fushi. Abin da ka ɓoye a wasa na farko, kafin na uku an gano shi, daga nan kuma can za a yi ta dukanka har ka gyara ko ka fita. Don haka a wasa bakwai ba a tambayar ƙarfin gwaninka, ana tambayar ƙarfin wanda ya fi kowa rauni cikin waɗanda dole ka sa.

Kuma dole ne ka sa su. Wasan minti 60 ne, gudun kan ƙanƙara kuwa yana cin numfashi har ɗan wasa ba ya wuce daƙiƙa 45 ko kusa da haka sai an canja shi. Shi ya sa 'yan gaba sahu huɗu ne, 'yan baya kuma bibbiyu har sahu uku. McDavid, duk gwanintarsa, abin da yake yi a fili bai fi kashi ɗaya cikin uku da ɗoriya ba. Sauran lokacin yana zaune a benci yana kallo kamar kowa.

Ba na rage masa komai. A 2024 ya tara maki 42, wato jimillar cin da ya yi da wanda ya taimaka aka ci, a wasannin fitar da gwani, ya taimaka aka ci sau 34, abin da ya karya tarihin Gretzky kansa, har aka ba shi kyautar Conn Smythe ta gwarzon gasar alhali ƙungiyarsa ce aka kayar. Oilers sun sha kashi uku a jere, suka farfaɗo suka ci uku, wasa na huɗu ma da ci 8 da 1. Amma a wasa na bakwai Florida ta hana shi maki ko ɗaya, ta ci 2 da 1. Kyaftin ɗinsu, Aleksander Barkov ɗan Finland, babban aikinsa shi ne ya manne wa gwanin abokan hamayya ya hana shi sakat. Da aka rufe ƙofa ɗaya, sai ya zamana wa zai buɗe ta biyu? A 2025 amsar ta fito fili. Florida ta ɗauko Brad Marchand daga Boston ana dab da rufe kasuwar 'yan wasa, tsohon da ya cika shekara 37 kafin wasannin ƙarshe, ta ajiye shi a sahu na uku tare da Lundell da Luostarinen. Wannan tsoho na sahu na uku shi ya ci shida a wasannin ƙarshe. Kada ka ce mini sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, domin adadin 'yan wasansu ɗaya ne. Bambancin shi ne Florida ta yarda da na ƙasan har tana iya tura su a kowane lokaci ba tare da gaban koci ya faɗi ba.

Labarin da na fi so ka riƙe na Tampa Bay ne. A kakar da ta ƙare a 2019 sun ci wasa 62, Nikita Kucherov shi kaɗai ya tara maki 128, kowa ya gama ba su kofi a baki. Suka haɗu da Columbus a zagayen farko, suka zura uku tun kashi na farko na wasan farko, sannan aka ci su 4 da 3. Ba su ci ko wasa ɗaya ba, huɗu a jere aka kore su. Me shugabanninsu suka yi? Ba su kori koci Jon Cooper ba, ba su watsar da gwanayensu ba, ba su kuma je neman wani tauraro ba. Sun duba inda aka shige su, suka ga ba su da masu aikin wahala, masu kokawar ƙwace faifai, wato ƙwallon wannan wasa, a lungun fili da tare harbi da jikinsu. Sai suka ba da zaɓinsu na zagayen farko na matasan 'yan wasa, abin da ƙungiyoyi ke tattali kamar zinariya, suka karɓo Blake Coleman da Barclay Goodrow, waɗanda ba su da wani babban suna. Mutane da yawa suka ce an yi musu tsada. Tampa ta ɗauki kofin a 2020, ta maimaita a 2021. Wasan da ya ba su na biyun, a kan Montreal, ci ɗaya tilo ne, kuma wani sabon shiga, Ross Colton, shi ya ci.

Na san za ka kawo maganar gola, kuma a nan ina tare da kai rabi. Gaskiya ne babu ɗan wasa ɗaya da ke juya gasa kamar mai tsaron raga, domin shi kaɗai ke yin minti 60 cur. Montreal ta 1993, wadda har zuwa 2025 ita ce ƙungiyar Kanada ta ƙarshe da ta ɗauki kofin, ta ci wasa 10 a jere a ƙarin lokaci da Patrick Roy a raga. St. Louis a farkon Janairun 2019 ita ce ta ƙarshe a duk gasar, aka ɗauko Jordan Binnington daga ƙaramin rukuni aka ba shi raga, a watan Yuni suka je har Boston suka ci wasa na bakwai. Edmonton kuwa a 2025 tana ta canjin gola a tsakiyar wasannin ƙarshe, yayin da Florida ba ta taɓa tunanin cire golanta Bobrovsky ba. Sai dai ka lura, golan da ake cewa ya yi zafi yawanci mutanen gabansa ne suka share masa hanya yana ganin faifan tun daga nesa, suka kuma hana kowa tsayawa a bakin ragarsa. Ana tafa wa gola, aikin kuwa na mutum shida ne.

Saura fushi. Na ajiye shi a nan ne don na san jininmu. A hoki in ka yi laifi za ka zauna minti biyu a waje, mutanenka huɗu su fuskanci biyar. A wasa bakwai kuwa tsokana dabara ce da ake shiryawa, kuma Florida ta ƙware a kanta. Ka ga yadda Oilers suka hau dokin zuciya a wasa na uku na 2025, suka yi ta cika bencin hukunci, aka ci su 6 da 1. Amma misalin da nake so ka duba shi ne Nazem Kadri, Musulmi, ɗan asalin Labanan da aka haifa a London ta jihar Ontario. Yana Toronto aka dakatar da shi a wasannin fitar da gwani na 2018, aka sake a 2019, duk a karawa da Boston, duk kuma Toronto ta fita a wasa na bakwai. Suka sallama shi ga Colorado, a can ma a 2021 aka dakatar da shi wasa takwas. Gwani ne, amma a ranar da aka fi bukatarsa yana zaune cikin 'yan kallo. A 2022, a karawa da St. Louis, aka yi ta aika masa zagi da barazana saboda addininsa da asalinsa, har sai da 'yan sanda suka shigo cikin lamarin. Wannan karon bai ɗaga wa kowa sanda ba, ya shiga fili ya ci uku a wasa ɗaya a gidansu. Daga baya ya ji rauni a babban yatsa, a karawa da Oilers ɗinka ma, aka yi masa tiyata, ya dawo a wasa na huɗu na ƙarshe ya ci a ƙarin lokaci. Colorado ta ɗauki kofin. Da ranarsa ta riƙe shi ta zo, domin kowane ɗan wasa ana ba shi yini guda da shi, sai ya kai shi masallacin garinsu. Kadri na 2019 da na 2022 hannunsu ɗaya ne, zuciyar ce aka sarrafa. Ka tuna da shi ran da wani a ofis zai faɗa maka maganar da ya san za ta tunzura ka a gaban manya.

Shi kansa Gretzky ya sha ba da labarin 1983, lokacin da New York Islanders suka cinye Oilers huɗu ba ko ɗaya, suka ɗauki kofinsu na huɗu a jere. Ya wuce ta ƙofar ɗakinsu yana zaton zai tarar da shagali, sai ya ga mutane a zube, kowa da ƙanƙara ɗaure a gwiwa ko kafaɗa, alhali shi da abokansa ba abin da ke musu ciwo. A shekarar da ta biyo Oilers suka kayar da su. Abin da 'yan Edmonton ba su cika son a tuna musu ba shi ne wannan: an sayar da Gretzky ga Los Angeles a 1988, Oilers suka sake ɗaukar kofi a 1990 ba tare da shi ba, ƙarƙashin Mark Messier, Gretzky kuwa bai ƙara ɗauka ba har ya yi ritaya. Jarome Iginla ma, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, kuma a Edmonton aka haife shi, ya kai Calgary har wasa na bakwai a 2004, ya gama wasanninsa da ci fiye da 600, bai taɓa riƙe kofin ba. Wannan ba aibu ba ne a gare su. Tun 2005 ma an sa iyaka ga abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi, don haka kowace dala da ka zuba wa gwani ɗaya, daga bakin sahu na uku da na huɗu ka cire ta.

Yanzu kai. Aikin da kake karɓewa daga hannun mutanenka da dare, na yarda ka fi su iyawa, ai don haka aka ɗaga ka. Amma kana yi musu abin da mugun koci ke yi wa sahu na huɗu: yana barinsu a benci duk kaka don ya ci wasan yau, ran da gwani ya ji rauni kuma ya juyo ya tarar ba su san inda za su tsaya ba. Kai ma ranar tana zuwa, ko ciwo, ko haihuwa a gidanka, ko ayyuka uku su faɗo a mako ɗaya. Ka zaɓi mutum biyu daga cikinsu, ka ba kowanne aiki na gaske wanda in ya lalace za a gani, ka zauna da shi ka duba bayan ya gama, ba kafin ya gama ba. Zai yi jinkiri, zai yi kuskure, kuma a gaban manya kai za ka ɗauki kuskuren, in an yaba kuwa ka faɗi sunansa. Wanda ka ga ba shi da ado amma ba ya barin aiki a rabi, kada ka bari wani sashe ya ɗauke maka shi. In kuma an yi asara babba, kada ka fara da neman wanda za a kora, ka fara da neman ƙofar da aka shigo ta cikinta, kamar yadda Tampa ta yi.

In ka amsa, ka rubuto mini sunayen mutum biyun da ka zaɓa da aikin da ka ba kowannensu, domin zan tambaye ka labarinsu. Mahaifiyarka ta ce ka daina raba dare, kuma ta ba da yaji da kuka a kawo maka in an sami mai tafiya. Ka gaida mai ɗakinka da yara. Allah ya yi maka albarka, ya kuma tsare ku daga sanyin bana.

Wassalam,
Mahaifinka