Zuwa ga Sarkin Ruwa: Ƙwaro Ba Zai Cinye Mana Kachala Ba

Ranka ya daɗe, a taron masunta ka tambaya a bainar jama'a: me ya hana masu bincike kawo ƙwarin da suka share Tafkin Biktoriya na Gabashin Afirka su cinye kachala, doguwar ciyawar ruwan da ta toshe Hadeja da Guri? Ka ƙara da cewa mu masu bincike mun ci kuɗi mun yi gum. Wannan ta yi mini zafi, domin ka san mu, kuma ba mu ke rabon kwangilar yashe kogi ba.

Abin da ya rufe Biktoriya baƙuwar ciyawar ruwa ce daga Kudancin Amurka, ta zo ta baro maƙiyanta a gida. Aka koma can aka ɗebo ƙwaron Neochetina, aka sake shi a Yuganda a shekarun 1990. Babban yana ƙwarzar ganye, tsutsarsa ta huda kara, ruwa ya shiga, ciyawar ta ruɓe ta nutse. Ko wannan sai da ya ɗauki shekaru.

Kachala kuwa 'yar gida ce a Afirka, babu wata ƙasar da za a je ɗebo maƙiyinta. Ko an samu ƙwaron, dole a kulle shi a ɗakin gwaji a ba shi shinkafa da gero da dawa a ga ko zai taɓa. Ƙwaro in an sake shi, ba ya dawowa kwalba.

Ruwa ne ya haifar da yaɗuwar kachala. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 a kan kogunan da ke zuba cikin Kogin Hadeja, fadamar da ke bushewa da rani ta koma jiƙe duk shekara, laka ta taru, kachala ta samu gindin zama.

Maganin da ke hannunmu yanka ne, amma a ƙarƙashin ruwa, aƙalla taki guda. Ganyenta ne ke kai wa saiwa iska; in ruwa ya rufe kututturen, saiwar ta shaƙe. A yanka lokacin da ta fara fitar da kai, sa'ad da abincin saiwar ya yi ƙasa, a maimaita in ta toho. Ƙonawa ɓata ashana ne, saiwar na nan. In kuma ruwa ya janye kututture ya leƙo, aikin ya tashi a banza.

Shi ya sa ƙorafina ke kan masu sakin ruwan dam ba tare da tsarin da manomi da masunci suka sani ba. Su ya kamata ka fara tambaya, kuma in za ka, zan raka ka.