Mutumina, motar nan ta kama ƙasa

Assalamu alaikum mutumina,

Na san abin da za ka fara cewa, wai sai yanzu na tuna da kai. To faɗi, ka fi ni gaskiya, tun kafin azumi nake ganin saƙonninka ina cewa anjima anjima. Ya gida, ya maman yara, ya gareji, ya zafin Kaduna? Inna fa, ƙafar ta yi sauƙi? Ka gaishe min da ita sosai don Allah.

Akwai tambayar da na zauna zan yi maka amma bari in fara da wannan don ya cika min ciki. Motar nan ta kama ƙasa! Mustang ɗin nan ƙirar 1990 da na turo maka hotonta bara ka ce ta yi kama da akwatin lefe. Ranar Lahadi na zo na uku a ajinmu a VIR, filin tseren da ke Virginia dab da iyakar North Carolina, wallahi da na cire hular kwano hannuna rawa yake. Ba kuɗi ake ba mu ba fa kar ka fara lissafin kasonka, tseren 'yan sha'awa ne, kowa da aljihunsa yake zuwa, akwai likitan haƙori akwai mai gyaran famfo, ƙungiyar sunanta NASA amma ba ta masu zuwa wata ba ce.

Shekara guda kenan abu ɗaya ke hana ni barci, fita daga kwana. A VIR akwai wata kwanar dama da ake cewa Oak Tree, sunan wata tsohuwar bishiya ce da ke tsaye a cikin kwanar har ta faɗi a 2013, a hankali ake shiga, kana fita kuma sai miƙaƙƙen titi mafi tsawo a filin. To duk abin da ka rasa a bakin kwanar nan haka za ka yi ta biyansa har ƙarshen titin. Ni kuwa ina taka totur sai tayar dama ta baya ta hau juyawa a banza, inji na ihu, hayaƙi a madubi, mota ba ta zuwa ko'ina, yaran da injinsu bai kai nawa ba suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya ina kallo. In na ƙara takawa kuma bayan gaba ɗaya ya zame gefe.

Ka san irin ƙafar bayanta ai, aksil ne guda dunƙule mai inci 8.8, tayoyin biyu a jikin ƙarfe ɗaya, abin da ya taɓa wannan ya taɓa wancan. Sai a 2015 ne aka mayar da duka Mustang masu ƙafar baya kowace taya da kanta. Kamar dai Fijo 504 wagon da muka ci ƙuruciyarmu a ƙarƙashinta, wadda Oga ke sa mu sauke wa aksil da azumi a baki. Abin da ban taɓa lura da shi ba duk shekarun nan shi ne, lokacin da farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa baya, ke murɗa aksil tana danna tayar hagu ƙasa ne tana ɗage ta dama. Shi ya sa a kwanar hagu motar ke da ɗan dama-dama, a ta dama kuwa tayar ciki dama nauyi ya bar ta, ga farfela ta ƙara ɗage ta, me za ta kama? Wani dattijo Bature da muke ajiye tirela kusa da juna shi ya zana min wannan da alli a kan kwalta, ya haura saba'in kuma har yanzu yana tuƙa Camaro.

Da difa na fara, wato akwatin giyar da ke tsakiyar aksil mai raba wa tayoyin baya ƙarfi. Na ɗaga taya ɗaya da jak, giya a firi, na juya ta da hannu sai ga ta tana tafiya salin alin, alhali faifan kulocin da ke cikin irin difar tawa, Traction-Lok, aikinsu kenan su riƙe ta. Da na buɗe sun cinye sun yi sumul kamar cokali. Na sa sababbi, na zuba mai da ɗan maganin nan da ake haɗa masa, warinsa sati guda bai bar rigata ba har madam ta hana ni shiga falo da ita. Na so in sayi wata irin difa da ake cewa Torsen, dattijon ya ce in riƙe kuɗina tukuna, ita Torsen ninka ƙarfin tayar da ba ta da riƙo take yi ta ba ɗayar, in tayar ciki ta tashi sama ba abin da za ta ninka. Ya ce fara sa tayar ta zauna a ƙasa.

Nan ne aikin yake. Hannuwa huɗu ke riƙe da aksil ɗin, biyu a ƙasa, biyu gajeru a sama da aka karkata su, kuma na saman nan aiki biyu suke yi, su hana aksil murɗewa su kuma hana shi zuwa gefe. Da bushin roba mai laushi aka yi su don su samu wurin motsi. Shi kuma wanda ya sayar min da motar ya bi duka ya cusa masu tauri irin jajayen nan, a ganinsa gyara ya yi. Wani dare na ɗora motar a kan ƙarafa, na cire sifirin da shokazoba na baya, na sa jak a ƙarƙashin ɓangare ɗaya na aksil ina ɗagawa a hankali. Bai yi nisa ba ya cije, sai bodin motar ya fara tashi daga kan ƙarfen, ina jin shasi na ƙara ƙiii. Na zauna a ƙasan gareji ina kallonsa. Ashe duk lokacin da motar ta kwanta a kwana haka take ɗauke tayar ciki da ƙarfin tsiya, ni ina can ina zargin inji da taya.

Kai da na tuna, da gaske ne wai Oga zai aurar da autarsa bayan Sallah? A bakin ƙanina na ji, ku ba mai faɗa min komai. Yarinyar da muke saya wa alawa a bakin Panteka! Ka gaya min abin da 'yan gareji suka yanke za a haɗa, a sa da ni, kuma kar ka sake ka ce za ka biya min ka san halinka da mantuwa, har yau ina bin ka sifana mai lamba 13.

To na cire hannuwan saman gaba ɗaya. Na sa dogon hannu guda da ya taso daga difa ya bi gefen farfela zuwa tsakiyar mota, shi ke riƙe murɗawar, kusan aikin da bututun farfelar 504 ke yi, Camaro ma da irinsa ta fito tun daga 1982 har 2002. Zuwa gefe kuma na bar wa sandar Panhard, sunan wani tsohon kamfanin motoci ne na Faransa, ƙarfe ɗaya ne a kwance daga shasi zuwa aksil. Na daidaita ta ta kwanta sak in mota na tsaye da nauyina a ciki, na kuma sauke ta ƙasa gwargwado don nauyi ya rage tsallakawa tayar waje farat ɗaya. Waldar da kaina na yi, da ka gani da ka yaba ko ba ka so. Da na maimaita gwajin jak aksil ya tashi sumul ba ko ƙara. Abin da ya ba ni mamaki, sai da na ɗan ƙara taurin sifirin na baya, don cijewar nan da ta tafi ashe ita ke riƙe motar, ba ita sai ta koma tangaɗi. Sitabilaiza ta baya kuwa, sandar da ke rage wa mota kwanciya a kwana, na cire na jingine a bango, na bar ta gaba mai kauri.

Na yi kuskure ɗaya da ya tsorata ni. Da yake an sauke motar ƙasa, hannuwan ƙasa sun karkace ta inda bai dace ba, sai na sa maƙalai masu ramuka a jikin aksil don in an taka totur tayoyi su dannu ƙasa. Na zaɓi ramin can ƙasa. Fita kwana kam ta yi daɗi, amma a wani filin tseren, Summit Point, da na taka birki a ƙarshen dogon titi zan shiga kwana ta 1, bayan motar ya hau tsalle dab dab dab har haƙorana na haɗuwa, da ƙyar na tsaya a kan kwalta. Na dawo da shi rami ɗaya sama, shikenan ya daina. Sauran ƙanana ne, na sassauta shokazoba ta baya wajen miƙewa don tayar ciki ta riƙa bin ƙasa da sauri, batir ya koma but ta ɓangaren dama, iskar tayoyin baya na rage kaɗan ina auna zafinsu ciki da tsakiya da waje duk fitowa.

Sai ƙafata. Dattijon ya shiga gefena zagaye uku, da muka fito ya ce in ɗauka akwai igiya daga sitiyari zuwa babban yatsana, iya yadda na warware sitiyari iya yadda zan taka. Ya ce in jinkirta shiga kwanar don in fito a miƙe, in kuma gwada giya ta uku maimakon ta biyu. Raina bai so ba don ji nake kamar motar ta mutu, amma agogo ya nuna kusan daƙiƙa biyu na rage a zagaye. Ranar Lahadin nan a Oak Tree na taka, ta ɗan tsuguna ta tafi, ba hayaƙi ba ihu, na ga wanda ya saba wuce ni yana ƙanƙancewa a madubi, ni kaɗai a mota ina ta Alhamdulillah.

Yanzu damuwar taya ce, saiti ɗaya kuɗinsa ba kaɗan ba, madam ta ce sai an biya na makarantar yara kafin a sake maganar tsere kuma gaskiyarta ne. Babban ya fara riƙe min fitila a gareji, ya san difa ya san Panhard amma Hausarsa sai a hankali, ka riƙa kiransa kuna hira don Allah.

Tambayar da na ce zan yi maka wallahi ta shige min, in ta dawo zan yi maka voice. In mai zuwa ya samu a aiko min da yajin Inna da kuka, ban da kilishi don ƙwacewa suke a filin jirgi. Ka gaida 'yan gareji duka, ka ce wa Oga ina nan ina amfani da abin da ya koya min.

Naka har kullum,
abokin sauke aksil