A Kula da Shinkafar Biki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili in ja hankalin masu girki a wannan lokaci na bukukuwa. Sau da yawa ciwon cikin da ke biyo bayan walima ana ɗora shi a kan yawan ci, alhali daga ajiyar abinci matsalar take.

Shinkafa ce ta fi ban tsoro. Ɗanyarta kan zo da wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus, wadda ke ɓuya cikin ɓawo mai tauri da tafasa ba ta iya masa. Idan aka sauke tukunya da safe aka rufe har la'asar, zafinta na sauka a hankali zuwa tsakanin digiri 5 da 60, inda ƙwayoyin ke hayayyafa suna zuba guba. Wannan guba kuwa ɗumame ba ya kashe ta. Shi ya sa mutum zai ci shinkafa tana turiri, ba tsami ba yauƙi, amma cikin awa 1 zuwa 6 amai ya taso masa.

Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje. Wanda za a raba a bar shi bisa wuta kaɗan-kaɗan, zafinsa sama da digiri 60. Wanda za a ajiye a baza shi cikin faffaɗan mazubi, kaurinsa kada ya wuce santimita 5, sannan a sa a firij. Tura tukunya sukutum cikin firij aikin banza ne, gefe zai yi sanyi, tsakiya na nan da ɗuminta. Kular abinci ma ba abin dogaro ba ce, jinkirta hucewa kawai take yi. A ɗumama sau ɗaya tak, har turiri ya tashi daga tsakiya. Kaza kuma a tsaga cinyar kusa da ƙashi, in ruwan ya fito ja-ja a mayar da ita wuta.

Sai lemon kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin babban mutum a yini kada ya wuce kamar giram 50, wato ƙaramin cokali 12. Kwalba ɗaya mai rabin lita kan cinye wannan kason gaba ɗaya, tun ba a taɓa kek ba. Masu biki su jera ruwan sanyi a gaban kowane baƙo, lemo kuma a sayi ƙananan kwalabe, musamman inda akwai masu ciwon suga.

Wassalam,
Wani ma'aikacin lafiya