Littafin da na zuba tsorona a ciki yana hannun yayar mijina

Assalamu alaikum Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Don Allah kada ki faɗi sunana a rediyo, a Nima kowa ya san kowa.

Yayar maigidana ta ɗauke mini littafi a ƙarƙashin katifa, ta kai masa, ta karanta masa. Ba littafin bashi nake nufi ba, shi wannan ya ƙone tun gobarar kasuwar Kantamanto ta nan Accra a farkon Janairun 2025, tare da dilolin gwanjon da na ɗauko bashi ban ko kwance su ba. Tun lokacin, maƙwabciya ta hura gawayi na ji ƙauri, sai gabana ya faɗi, in tashi tsakar dare ina shinshina ɗaki. Na yi addu'a, na sha rubutu, kuma ban daina ba, kada wani ya ce na bar Allah na kama biro.

'Yar ƙanwata mai karatun jinya a asibitin Korle Bu ce ta koya mini rubuta tsorona a littafi. Ta ce in sa agogon waya minti 15, in rubuta duk abin da ya zo raina game da tsoron, kada in ɗaga biro, kada in goge, kada in damu da kuskure. In kai ya tsaya, in yi ta rubuta cewa ya tsaya har wata magana ta fito. Ta ce wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Pennebaker, ya gwada irin wannan da ɗalibai a 1986, suna rubuta damuwarsu kwana huɗu a jere, aka ga zuwansu asibiti ya ragu. Sharaɗin kuwa, ba don idon kowa ake yi ba. Ita Yaya wa ya aike ta ɗakina? Wai shara ta shiga yi mini, matar da ko kofin da ta sha koko ba ta ɗaurayewa.

Hajiya, da wuta na fara, amma hannu ya tafi inda ban aike shi ba. Daga wuta sai mai karɓar adashi, sai kuɗin makarantar yara, sai ga shi na rubuta ina tsoron ya ƙara aure tunda yanzu ba na kawo ko sidi ɗaya gida. A wani shafi na ce da ban yi aure ba da na huta. A wani na ce Yaya ta fi gobara cin dukiya, wannan kam ko a gaban liman zan maimaita. Amma na auren, wallahi ban san yana cikina ba, kuma da gari ya waye ban ji haka ba. Barci ma ya fara dawo mini.

Shafin auren nan kaɗai Yaya ta zaɓa ta karanta masa. Inda na rubuta yadda ya sayar da babur ɗinsa ya rage mini bashi, ta tsallake. Yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu, abincina ma a gidanta yake maye gurbinsa. Ya ce abin da mutum ya rubuta ba tunani shi ne gaskiyar zuciyarsa. Haka ne, Hajiya? Ai ko mafarki ba a kai shi gaban alƙali.

Na manta ban faɗa ba, ɗakin da muke ciki na gadonsu ne, tana da kaso. In je wurin kawunsu ya karɓo mini littafina, ko hakan zai sa shi ma ya karanta? Ƙaurin ya dawo mini da dare, na sayi sabon littafi a Mamobi amma na kasa buɗe shi, don ban san inda zan ɓoye shi a gidan nan ba.

Taki,
Mai gwanjo daga Nima, Accra