Wasiƙa zuwa ga ɗana: TR-YÖS ko SAT?

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Ummanka da ƙannenka. Ummanka ta gaya mini abokanka sun raba maka hankali a kan jarrabawar da za ka rubuta don neman gurbi a jami'ar gwamnati a Turkiyya, wasu na cewa SAT, wasu na cewa TR-YÖS. Maganar waya iska ke kwashe ta, shi ya sa na zauna na rubuta maka, ka karanta a natse.

Ka fara da jami'a, ba da jarrabawa ba. Kowace jami'a a can tana fitar da sanarwarta duk shekara: jarrabawar da take karɓa daga ɗaliban waje, mafi ƙarancin makin da take so, da yawan gurabun da ta ware a kowane fanni. Wasu har sakamakon WAEC suna dubawa. Ka zaɓi jami'o'i huɗu ko biyar masu koyar da injiniyancin da kake so, ka karanta sharuɗɗansu da idonka a shafinsu. Kada ka ɗauko maganar daga bakin ejan, domin shi kuɗinsa yake nema, kuma galibi jami'o'in kuɗi zai tura ka, waɗanda ka san aljihuna ba zai ɗauka ba. Ko na gwamnatin ma baƙo yana biya, sai dai da sauƙi.

TR-YÖS jarrabawa ce ta hukumar ÖSYM, wato kamar JAMB ɗinsu, kuma a 2023 aka fara ta a wannan tsari. Kafin nan jami'o'i ne ke shirya nasu daban-daban. Tambaya 80 ce a minti 100. Rabi lissafi ne, rabi kuma gwajin kaifin ƙwaƙwalwa: a jera maka lambobi ko siffofi, a ce ka gano ƙa'idar da ta haɗa su, ka faɗi abin da zai biyo baya. Ana iya amsa ta da Ingilishi, ko Larabci, ko Faransanci, ba lallai da Turkanci ba. Babu kalkuleta. Kuma ka riƙe wannan da kyau: amsa huɗu da ka kuskure suna cinye ɗaya da ka ci, saboda haka canki-canka asara ce. Sakamakon yana aiki shekara biyu.

SAT kuwa ta Amurka ce, hukumar College Board ke shirya ta, kuma tun 2023 a kwamfuta ake yin ta a ƙasashen waje. Tambaya 98 ce cikin awa biyu da minti 14, maki daga 400 zuwa 1600. Tambaya 44 ne na lissafi, an kuma yarda da kalkuleta. Sauran 54 ɗin duk karatu ne da nahawun Ingilishi, a ba ka gajeren rubutu mai nauyi, ka fahimce shi ka amsa cikin abin da bai fi minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ba. Rabin makinka gaba ɗaya a nan yake. Kuɗin rajistarta da dala ake biya, ka kuwa san inda naira take.

To, na san ɗana. Tun kana aji uku na sakandare nake ganin ka a bakin shagon kawunka, ana kawo lissafin buhuna da canji, ka ba da amsa kafin yaron shago ya gama danna waya. Amma in aka ba ka dogon rubutun Turanci, sai ka bi shi da yatsa layi-layi, ka koma baya ka sake. Wannan ba aibi ba ne, kana fahimta sarai, sai dai SAT ba ta jiran mai karatun natsuwa. Shawarata ita ce ka tattara ƙarfinka a kan TR-YÖS. In kana da watanni kaɗan kuma ka raba su gida biyu, sai ka zama mai jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya ya rasa duka.

Ban ɓoye maka abin da zaɓin zai ci maka ba. SAT tana buɗe ƙofofi har wajen Turkiyya, kuma manyan jami'o'in da ke koyarwa da Ingilishi zalla, irin su Boğaziçi a Istanbul da METU a Ankara, sun daɗe suna karɓar ta. In ka duba ka ga zuciyarka na can, ka gaya mini da wuri, mu nemi malamin Turanci, mu ɗaga tafiyar. In kuma fannin da ka samu da Turkanci ake koyar da shi, to akwai shekarar koyon harshe a cibiyar da suke kira TÖMER, kafin ka shiga aji ɗaya. Ni ban ɗauke ta ɓata lokaci ba. Wanda zai zauna shekara biyar a ƙasar mutane, ya je kasuwarsu, ya yi salla a masallacinsu, ya kamata ya iya gaishe su da bakinsu.

Tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya, wato Türkiye Bursları, hanya ce ta daban, da nata sharuɗɗan. Ana buɗe shi a watan Janairu zuwa Fabrairu, kuma mai neman digirin farko sai yana ƙasa da shekara 21. Ka nema, kyauta ne cikewa, amma kada ka jingina komai a kansa, masu nema sun yi yawa. JAMB kuma ba zan yarda ka bar ta ba. Ka yi rajista, ka sa ABU Zariya ko Bayero, ka rubuta ta da gaske.

Kafin in zo ƙarshen wata, ka duba fasfonka ko yana da sauran kwana, ka tabbata sunanka a cikinsa ya yi daidai da na takardar WAEC harafi da harafi. Ka duba jerin garuruwan da ÖSYM ta sa cibiyoyin jarrabawa kafin mu biya ko sisi. Ka sauko da tambayoyin baya, ka ajiye agogo a gabanka bayan sallar asuba, ka yi su cikin minti 100 cif, ka rubuta mini makin da ka samu. Ka yi istihara, ka kuma nemi addu'ar Ummanka da ta Hajiya.

Allah ya yi maka albarka, ya zaɓa maka mafi alheri. Ka gaishe da mutanen gida.

Mahaifinka.